Yadda ake tantance matakin tsohuwar kwandala bayan ta suɗe

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma na ɗan jima ina tara tsofaffin sulalla. An tallata mini kwandalar azurfa ta santi goma, wadda suke kira dime, bugun 1916 mai harafin D a bayanta. Ta suɗe ƙwarai, har leɓenta, wato ɗan tudun da ya zagaye gefenta, ya fara cin rubutu. Mai ita ya ce matakinta a ma'aunin lafiyar kwandala G-4 ne, wani abokina kuma ya duba hotonta ya ce ba ta wuce AG-3 ba, ga shi bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Yaya masana suke raba waɗannan matakai a kan abin da ya kusa shafewa? Sannan ina da anini da sule da liyari guda na kakana, su ma sun suɗe. Haka ake auna su?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu shiga gardamar uku da huɗu, akwai tambayoyi biyu da suke gaba da ita, kuma a kan kwandalar da ta suɗe irin wannan su ne suke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Ta farko, shin ita ce kuwa? Ta biyu, mene ne ya cinye ta, hannun mutane ne a kasuwa ko wani abu daban? Idan waɗannan biyu suka samu amsa, lambar da za a ɗora mata ba ta da wuya, duk da cewa a kanta aka fi tayar da jijiyar wuya.

Lambobin nan sun samo asali ne daga Dakta William Sheldon, wanda a 1949 ya wallafa littafi a kan tsofaffin santi na jan ƙarfe na Amurka, ya jera lafiyar kwandala daga 1 zuwa 70. Abin da yake nufi a lokacin farashi ne: wadda take mataki na 4 ta ninka ta mataki na 1 sau huɗu a kuɗi, haka har zuwa sama. Wannan lissafi ya daɗe da rushewa, amma lambobin sun zauna, shi ya sa za ka ga suna tsallake, daga 4 a faɗa 6, daga 6 a faɗa 8, sai 10, sai 12. Ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka ta ɗauki tsarin a shekarun 1970 ta shimfiɗa shi a kan dukkan kuɗin ƙasar, sannan kamfanonin da suke tantance kwandala su rufe ta a kwanson roba, PCGS a 1986 da NGC a 1987, suka mai da shi harshen kasuwa. A can ƙasa, PO-1 ita ce wadda ba a iya sanin komai nata sai irinta da shekararta. FR-2 ta ɗan fi haka, ana ganin inuwar hoton da wasu haruffa. AG-3 ita ce wadda ake karanta yawancin rubutunta amma leɓe ya shafe ya haɗe da kawunan haruffa. G-4 hotonta ya baje, sai dai rubutun kewaye ya tsira kusan duka, leɓen kuma yana nan ko da ya yi rauni a wasu wurare. G-6 leɓenta cikakke ne zagaye. Daga VG-8 ne ake fara ganin ƙananan zane a cikin hoton kansa.

Ka lura da abin da wannan jeri yake gaya maka. A manyan matakai ido yana tsakiyar kwandala, yana neman silin gashi da ƙyallin maƙera. A ƙananan matakai tsakiyar ta riga ta tafi, babu abin da za ta faɗa, don haka hukunci yana komawa gefe. Leɓen nan mai ɗan tudu da ya zagaye kwandala an yi shi ne don ya kare rubutu da hoto daga gogayya, shi ne yake fara shan wahala, kuma gwargwadon abin da ya rage nasa shi ne ma'aunin tsakanin uku da huɗu da shida.

To, mu koma ga taka. Wannan kwandala, wadda Adolph Weinman ya zana aka yi ta bugawa daga 1916 zuwa 1945, azurfa ce kashi casa'in cikin ɗari, nauyinta giram 2.5, faɗinta milimita 17.9. A fuskarta akwai kan mace mai hula da fukafukai, wadda mutane suka ɗauka gunkin Romawa ne mai suna Makuri har sunan ya bi kwandalar. A bayanta akwai damin sanduna da aka ɗaure da gatari a jikinsa, da reshen zaitun. A shekarar farko gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya fitar da fiye da miliyan ashirin da biyu, na San Faransisko, mai harafin S, fiye da miliyan goma, amma na Denba, mai harafin D, 264,000 kacal ya buga kafin a umarce shi ya koma kan kwandalar santi ashirin da biyar. Babu wanda ya damu da ita a lokacin, sai ta shiga kasuwa tana yawo daga aljihu zuwa aljihu, kuma sai a shekarun 1930, da tara sulalla a allon kwali mai ramuka ya yaɗu, aka fara tsamo ta. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin waɗanda suka rage a matakin uku da huɗu suke, kuma ko a hakan ɗaruruwan daloli ake biya, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba kuwa ta haura dala dubu goma.

A nan matsalar take. Duk wannan kuɗi a kan harafi ɗaya yake, wanda bai kai ƙwayar gero ba, kuma yana zaune ne a ƙasan baya, hagu da gindin damin sandunan, bayan harafin E na kalmar ONE da ke cikin rubutun ONE DIME, dab da leɓe. Wato wurin da suɗewa take ci shi ne wurin da shaidar take. Bugun Filadelfiya na wannan shekara ba shi da harafi ko kaɗan kuma yana da arha, shi ya sa 'yan damfara suka daɗe suna yanko D daga wata kwandala su liƙa masa, ko su ɗauki bugun San Faransisko su gyara S ɗinsa ya koma D. Wani lokaci ma babu damfara, S ne ya baje da tsufa har ya zama dunƙule, mai shi kuma ya ga abin da zuciyarsa take so. Masana sun tabbatar cewa da hatimi huɗu kawai, wato ƙarafan da ake danna zane da su, aka buga bayan wannan kwandala a Denba, kuma an san mazaunin D da karkatarsa a kan kowanne, saboda haka duk wadda harafinta bai dace da ɗaya daga cikin huɗun ba, an gama maganarta. D na gaske yana da kafaɗu masu kusurwa, ramin cikinsa kuma ya fi kama da alwatika. Wanda aka liƙa yakan nuna ɗan layi ko canjin launi a gindinsa, kuma sau da yawa yakan fi maƙwabtansa tsini. Wannan na ƙarshe shi na fi dogara da shi a kan suɗaɗɗiyar kwandala: harafin da ya yi shekara ashirin yana yawo tare da ONE da DIME dole ya gaji daidai da su. Idan komai ya kwanta shi kaɗai yana tsaye, to baƙo ne.

Haka nan ka dubi lambar ƙarshe ta shekarar, domin ita ma kusa da leɓe take a ƙarƙashin wuyan hoton. Denba ya buga miliyoyin irin wannan kwandala a 1917 da 1918 da 1919, duk da D ɗinsu na gaske, kuma idan 6 ɗin ya nutse cikin leɓe har ba a iya rantsewa a kansa, abin da ke hannunka kwandala ce mai D, amma ba lalle ta 1916 ba.

Idan ta tsallake wannan, sai mu zo tambaya ta biyu. Suɗewar da hannu da aljihu suke yi tana da kamanninta. Takan fara daga wurare masu tudu ta sauko a hankali, takan bar fatar azurfa sumul da launin toka, datti mai duhu kuma ya maƙale a lungunan haruffa har ya sa su fito. Wannan ba aibi ba ne, shi ne ainihin abin da lambar take aunawa. Aibi shi ne abin da ya faɗa wa kwandalar daga waje: ƙarce mai zurfi, lanƙwasa, dukan da ya lotsa leɓe, huda ko hudar da aka toshe, tabon walda daga inda aka taɓa maƙala ta a sarƙa, ramukan da ƙasa ko gishiri suka ci, da kuma wanki. Wanki ya fi kowanne yawa. Kwandalar da ta suɗe har G-4 amma take fari fat tana ƙyalli, wani ne ya goge ta, kuma idan ka karkata ta a ƙarƙashin fitila guda za ka ga siraran layuka a jere suna bin hanya ɗaya, waɗanda yawon kasuwa ba ya yin irinsu, domin nasa ƙarcen a warwatse yake ta kowace fuska. Kamfanonin tantancewa ba sa ba wa irin wannan lamba. Sukan tabbatar ta gaske ce, su faɗi matakin da zanenta ya kai, sannan su rubuta aibin a jikin kwanson, kuma kasuwa takan rage mata kuɗi sosai. A ra'ayina AG-3 mai lafiyayyar fata ta fi G-4 wankakkiya, ko da farashinsu ya zo ɗaya, saboda ranar da za ka sayar, ta farkon ba ta buƙatar ka ba da haƙuri a kanta.

Akwai abu na uku da yake rikita sababbin shiga, wato raunin bugu. Ba duk abin da ya ɓace daga kwandala ne suɗewa ta ɗauke ba, wani tun daga maƙera bai fito ba. Santin jan ƙarfe na farko da Amurka ta buga a 1793, mai sarƙa a bayansa, guda 36,103 aka yi, kuma an san shi da cewa kan da ke fuskarsa bai fito da ƙarfi ba, har za ka ga wanda shekararsa ta kusa ɓacewa alhali sarƙar tana nan ɓaro-ɓaro. Wanda ya auna shi da fuska kaɗai ya zalunce shi. Kwandalar santi ashirin da biyar mai mace a tsaye, wadda aka fara a 1916 da guda 52,000, an ɗora shekararta a kan tudu inda take shafewa da wuri, sai a 1925 aka nutsar da ita, shi ya sa ake samun marasa shekara da jikinsu bai gaji sosai ba, kuma ƙwararru suna gane ta 1916 daga yanayin gashi da naɗin riga ko da babu lamba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne kowane irin kwandala yana da wurin da yake fara gajiya, kuma mai tantancewa da wannan sanin yake aiki, ba da ma'auni ɗaya ga kowa ba. Ita taka, halinta shi ne bayanta yana riga fuskarta mutuwa. Abu ne da aka saba gani a samu fuska ta kai G-4 ko ma G-6, baya kuma yana AG-3.

Yanzu ga yadda zan raba gardamarku da a ce tana hannuna. Zan fara kallonta da ido tsirara a ƙarƙashin fitila guda, ina juya ta, kafin in ɗauki gilashin da ke ƙara girma sau biyar zuwa goma, domin gilashi yakan sa mutum ya ga itace ya manta da daji. A fuska zan nemi haruffan LIBERTY su rabu da leɓe, lambobin shekara huɗu su karantu ba tare da zato ba. Sannan in juya. Damin sandunan a matakin uku da huɗu duk a baje yake, babu layi ko ɗaya, don haka ba ya raba gardama. Sai an ga kusan rabin layukan sandunan ake maganar VG-8, idan duk sun fito a ce F-12. Abin dubawa shi ne rubutun kewaye, sunan ƙasar a sama da ONE DIME a ƙasa. Idan leɓe yana taɓa kawunan wasu haruffa kaɗan amma kowane harafi yana da siffarsa cikakkiya, G-4 ce. Idan leɓen ya shafe ya cinye sulusi ko rabin tsayin haruffa a yawancin zagayen, AG-3 ce, komai kyan fuskarta. Da ka ce leɓenta ya fara cin rubutu, kalmar “fara” ita ce gaba ɗayan shari'ar, kuma nawa ya ci, a wurare nawa, shi ne abin da za ka ƙirga.

Gaskiya ita ce a kan wannan iyaka ƙwararru ma suna saɓawa, kuma kwandala ɗaya tana iya komawa kamfani sau biyu ta dawo da lamba biyu. Na kuma lura cewa a kan shekaru masu wuyar samu irin wannan ana ɗan sassautawa, a ba da huɗu ga wadda fuskarta ta yi ƙarfi ko da bayanta yana kan gaɓa. Saboda haka mai ita da abokinka kowannensu yana iya zama mai gaskiya, ɗaya fuska yake kallo, ɗaya baya. Sai dai hukunci daga hoto cinikin biri a sama ne, domin hasken da aka haska daga gefe yana tayar da leɓen da ya mutu, yana kuma ɓoye layukan wanki. Idan tana cikin kwanson ɗaya daga manyan kamfanonin nan, ka ɗauki lambar shaidar da ke jiki ka duba a shafinsu na intanet, ka gwada hoton da suka ajiye da abin da ke gabanka, saboda kwanson ma ana yin jabunsa. Idan tsirara take, shawarata kada ka biya kuɗin G-4, kada ma ka biya na AG-3, sai da sharaɗi a rubuce cewa za a aika ta a tantance, idan ta faɗi a mayar maka da kuɗinka. Sikeli mai auna ɗigon giram yana taimakawa wajen kama jabun da aka zuba da wani ƙarfe, tare da sanin cewa suɗaɗɗiya takan yi ƙasa kaɗan da giram 2.5, amma ba ya kama D da aka liƙa, tunda jikin kwandalar na gaske ne.

Game da kayan kakanka, hanyar tunanin ɗaya ce, sai dai harshen ya bambanta. Kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Ingila an fi auna su da tsarin dillalan Ingila, wanda kalmomi yake amfani da su ba lamba ba, ko da yake kamfanonin Amurka suna karɓarsu su ɗora musu lambobin Sheldon. Sule na azurfa an fara shi ne a 1913, bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, kuma daga 1920 aka koma yin sa da tagulla. A kansa wurin dubawa shi ne kambin Sarki Joji na Biyar, musamman ɗaurin da ya zagaye goshi da duwatsun da ke kansa, sai ganyen bishiyar kwakwar manja a baya. Su ma suna da ƙananan haruffan maƙera, H na kamfanin Heaton da KN na King's Norton, dukansu a Bamingam, kuma shekara ɗaya tana iya zama mai arha da wani harafi, mai wuya da wani. Anini kuwa, idan ka ga 1907 ko 1908 kuma ba shi da nauyi a hannu, na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, kuma an bar yin sa da wuri saboda danshin ƙasashenmu yana cin sa. A kansa sai ka bambanta suɗewa da wannan cin, wanda yake barin farin gari da ƙananan ramuka. Mutane da yawa suna murna idan suka ga kwabo ko anini na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar da ya hau, amma an buga su da yawan gaske, kuma suɗaɗɗe daga cikinsu tarihi ne kawai ba dukiya ba.

Liyarin ya fi ban sha'awa. Idan mai kan sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya ne, kusan tabbas 1780 za ka gani a jikinsa, shekarar rasuwarta, kuma wannan lamba ba ta gaya maka shekarunsa, domin da ita aka ci gaba da buga shi ɗaruruwan miliyoyi a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bambai da wasu wurare har cikin ƙarni na ashirin. Ta hanyar fataken Sahara ya iso Borno da ƙasar Hausa. 'Yan kasuwar Habasha da na ƙasashen Larabawa sun riga Sheldon sanin wannan sana'a, domin sukan duba duwatsun da ke kan maɗaurin rigar sarauniyar a kafaɗa da na kambinta, idan sun shafe su ƙi karɓa ko su rage masa kuɗi, kuma har yau nan ne wurin da ake fara dubawa. Nauyinsa kusan giram 28 ne. Ka dubi gefensa ko rubutun da ke zagaye da kaurinsa yana nan, ka kuma nemi alamar huda ko walda, saboda da yawa sun ratsa hannun maƙeran fari sun zama abin wuya. Hudar anini daga maƙera take, ba ta rage masa komai. Hudar liyari aibi ce, kuma takan mai da shi kusa da kuɗin azurfar da ke jikinsa.

Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka kai musu toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, wannan gyaran gangar Auzinawa ne, duhun da ke lungunan haruffan shi ne yake sa a iya karanta su. Ka riƙe su ta gefe, ka raba kowanne a 'yar ambulan ɗin takarda marar danshi don kada su ci gaba da gogar juna, ka rubuta shekara da harafin da ka gani a bayan kowace ambulan. Idan za ka aiko da hoton ta 1916 ɗin, ka ɗauki bayanta a miƙe da hasken rana, sannan ka ɗauki wani daga kusa wanda ya haɗa D da E na ONE da leɓen da ke ƙarƙashinsu a hoto guda.